Majinyacin da ba ya magana: yaya ake gane yana jin ciwo?

Wanda ke kwance shiru a ɗakin kulawa ta musamman, anya yana jin ciwo kuwa?

Ƙwarai. Da yawa daga cikin masu kwanciya a wannan ɗaki an zura musu bututu ta baki har maƙogwaro, an haɗa su da na'urar numfashi, don haka murya ba ta fita ko da suna farke. Ga raunin tiyata ko na haɗarin mota, ga kuma ayyukan yau da kullum da ke da zafi: juya su a gado, zuƙe kaki daga bututu, wanke rauni, cire robar da aka sa a ƙirji. Shirunsu na rashin ikon magana ne kawai.

To ai ana ba su maganin barci, bai wadatar ba?

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Magunguna irin su midazolam da propofol suna kwantar da mutum ne, ba sa kashe zogi. Sai ka ga bawan Allah ya yi lamo, alhali ciwo na cinsa. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka ta fitar a 2018 suka ce a fara da duba ciwo da magance shi kafin a ƙara maganin barci.

Ta yaya ake auna shi?

Da farko a gwada tambayarsa. Wani ba ya magana amma yana iya gyaɗa kai, ko matse hannu, ko nuna lamba daga 0 zuwa 10 a takarda. Babu ma'aunin da ya kai bakin mai ciwo.

In hakan ya gagara, sai a koma ga jiki. Ma'auni biyu ne suka fi shahara. Akwai BPS, wanda wani likita mai suna Payen da abokan aikinsa suka fitar a Faransa a 2001. Yana duba fuska, hannuwa, da yadda majinyaci ke tafiya da na'urar numfashi, maki daga 3 zuwa 12, kuma abin da ya haura 5 ciwo ne da ke neman magani. Sai CPOT, na ma'aikaciyar jinya Céline Gélinas ta Kanada, wanda ya fito a 2006. Shi abu huɗu yake dubawa, kowanne daga 0 zuwa 2, jimilla 8.

Nas za ta tsaya bakin gado kamar minti ɗaya tana kallo kawai. Ya haɗe gira? Ya runtse ido da ƙarfi yana cizon bututu? Hannunsa na lallaɓawa zuwa wurin rauni, ko yana ƙoƙarin fizge roba? Yana tari yana kokawa da na'ura har ƙararrawa na ta kuka? Sannan ta kama hannunsa ta lanƙwasa gwiwar hannun ta miƙar, ta ji ko ya sandare. Za ta sake dubawa lokacin juya shi, ta kuma dubawa bayan an ba da magani. A ma'aunin CPOT, maki 3 ko fiye na nufin a tashi tsaye.

Bugun zuciya da hawan jini da ke kan allo fa?

Ba abin dogaro ba ne su kaɗai. Zazzaɓi, zubar jini, tsoro da magunguna duk suna motsa su, wani kuma yana cikin raɗaɗi lambobin ba su gusa ba. Amfaninsu shi ne su sa a je a duba fuska da jiki. A ganina, yawan kafa wa allo ido a manta da fuskar mutum shi ne kuskuren da ya fi sauƙin afkuwa, musamman inda nas ɗaya ke fama da gadaje da yawa.

Akwai wanda ma'aunin ba ya yi masa aiki?

Akwai. Wanda aka yi wa allurar sakin tsoka ba ya iya ko yamutsa fuska, haka wanda ya yi nisa a suma. Irin waɗannan ana ɗauka cewa ciwon yana nan, a ba da magani kafin duk wani aiki mai zafi.

Mu masu jinya da me za mu taimaka?

Kun fi kowa sanin fuskarsa. Ku faɗa wa nas in yana da tsohon ciwon baya ko na sikila, da maganin da ya saba sha. In kuka ga wata alama da kuka san yana yi in abu ya dame shi, ku yi magana nan take, kada kunya ta sa ku jira zagayen likita.