Motocin Lantarki na Haya da Dakon Kaya a Arewacin Kamaru: Abubuwan da ke Hana Karɓuwarsu

Motar lantarki ita ce wadda take tafiya da ƙarfin batir da ake cajawa, ba da fetur ko gas ba. A yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, inda jigilar mutane da kaya ta dogara ga 'yan acaɓa, motocin haya da tireloli, babban abin da ke tare mata hanya shi ne ƙarancin wutar kanta.

Yankin ya daɗe yana dogaro da madatsar ruwan Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. Idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, wutar da take bayarwa takan ragu, a shiga rabon wuta unguwa-unguwa a Garwa da Marwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, amma direban da abincin gidansa ke rataye da jigilar yau ba zai iya ajiye mota ya zauna jiran wutar da bai san lokacin dawowarta ba. Ɗan acaɓa kuwa yakan tsaya a bakin titi a juye masa kwalbar zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya, cikin minti guda ya wuce.

Sai nisan tafiya. Layin dogo daga kudu a Ngaundere yake ƙarewa, daga nan tireloli ke ɗaukar kaya sama da kilomita 700 zuwa Kusiri, su ƙetare gada zuwa Njamena. Batirin da zai ja irin wannan lodi yana da nauyi ƙwarai, kuma nauyinsa daga kason kayan da mai mota zai karɓi kuɗinsu yake fita. Zafin Maris zuwa Mayu, da kan haura digiri 40, yana saurin tsofar da batirin litiyam.

Tsadar saye ma ba ƙarama ba ce, tunda yawancin masu haya motar hannu suke saye, ga makanikai da suka ƙware a kan inji amma ba a horar da su kan batir mai ƙarfin wuta ba. Inda ake da kyakkyawan fata shi ne babura, domin tsarin musayar batir da ake amfani da shi a Ruwanda da Benin yana bai wa ɗan acaɓa damar ajiye wanda ya ƙare ya ɗauki cikakke nan take.