Ƙara akwatin rarraba wuta na biyu a gida: tambayoyi da amsoshi

Na gina sabon sashe a gidana. Dole ne ya samu nasa akwatin rarraba wuta?

Idan za a sa na'urar sanyaya ɗaki, hita ko injin rijiyar burtsatse, dole ne. Jawo waya daga soket ɗin falo ba aiki ba ne.

Zan iya haɗawa da kaina?

A'a. Ka nemi ma'aikaci mai takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke da alhakin duba ayyukan lantarki a Najeriya.

Mai aikina ya haɗa wayar nutural (wadda wuta ke komawa ta cikinta) da wayar at (wayar kariya da ke kai wuta ƙasa) wuri ɗaya a sabon akwatin. Da matsala?

Da matsala babba, kuma na gaji da maimaita wannan magana. A akwati na biyu kowacce da mazauninta daban. Idan aka haɗe su, wutar da ke komawa ta nutural za ta riƙa bin wayar at, ranar da nutural ta tsinke kuwa, jikin firij da ƙarfen famfo duk sai su ɗauki wuta. Ya dawo ya raba su.

Wace waya zan saya?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, duk wanda ya faɗa maka lamba bai ga gidan ba kuwa, cinta ya yi. Ana duba nauyin kayan da za a kunna, da nisan da ke tsakanin akwatunan biyu, da hanyar da wayar za ta bi. A mafi yawan lokuta wayar tagulla mai milimita 6 (wato faɗin bakin tagullar murabba'in milimita 6 ne) tana tafiya da bireka (na'urar da ke yanke wuta idan nauyi ya yi yawa) mai amfiya 32, mai milimita 10 kuma da mai amfiya 40, amma nisa yana rushe wannan lissafi: mai milimita 6 da ta ɗauki amfiya 32 tsawon mita 50 tana zubar da kusan bolt 12 a hanya, alhali a unguwanni irin su Rigasa da Tudun Wada na Kaduna wutar kan zo da rauni tun daga taransifoma. A irin wannan hali ni mai milimita 10 zan zaɓa, ko ma 16 idan akwai niyyar ƙara kaya. Idan za a binne ta, a sayi mai sulke. Wannan duka idan wayar ta gaskiya ce, domin akwai wadda kaurin da aka rubuta a jikinta ya fi na tagullar cikinta. A fere bakinta a auna kafin a biya kuɗi. Birekar da ke kare ta kuma a babban akwati take zama, kada ƙarfinta ya wuce abin da wayar ke ɗauka.

Na ga bidiyon wani ɗan Amurka yana yi daban.

Wutarsu ta soket bolt 120 ce, tamu 230. Dokarsu tasu ce.

Birekar da ke yanke wuta idan ta yi yoyo tana yawan faɗuwa. In cire?

Kada ka kuskura. Mai miliamfiya 30 ita ce ke tsare ran yaron da ya taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu. Kwantar da hankalinka, galibi danshin damina ne ya shiga wani soket na waje, ko hita ta lalace; a bi layukan ɗaya bayan ɗaya za a gano.