Silog a bindigar iska da matsalar saiti daga nesa

Silog wani nau'in harsashin dalma ne da ake harbawa da bindigar iska, wadda a nan Saudiyya kowa ya fi saninta da saktun, har Hausawan Jidda da Makka ma haka suke kiranta. Shi silog cikakke ne kamar harsashin bindigar gaske, ba shi da tsukakken ƙugu da buɗaɗɗen siket irin na ɗan harsashin da aka saba, wato dayabolo.

Asali

Bindigar iska ba yau ta fara ba, tun wajajen 1780 sojojin Ostiriya suka riƙe ƙirar Girandoni mai harba dunƙulen dalma. Daga baya dayabolo ya zo ya mamaye kasuwa shekaru aru-aru, saboda siket ɗinsa ke riƙe shi a iska ko da bututun bai wani juya shi sosai ba, amma kuma wannan siket ɗin dai shi ke cinye masa gudu, da an wuce mita 50 zuwa 60 sai iska ta fara wasa da shi. Silog ya yi tashe ne a 'yan shekarun nan da bindigogi masu tanki, PCP, suka ƙara ƙarfi, har kamfanin FX na Suwidin ya riƙa yin bututu na musamman dominsa, kamfanoni irin su JSB da H&N suka shiga yin harsashin.

Inda saiti ke lalacewa

Yawanci ba laifin silog ba ne, bututun ne bai karɓe shi ba. Silog da juyi kaɗai yake tsayuwa a iska, in zanen cikin bututun bai murɗa shi da sauri ba zai haɗa rami ɗaya a mita 30 amma a mita 100 ka ga ramukan sun watse, wani ma ya shiga takardar a kwance. Sai kauri, a harsashi mai milimita 5.5 akwai mai inci .217 akwai mai .218, bambancin da ido ba ya gani amma bututu na ji. Gudu ma haka, da yawa sun fi zama a tsakanin mita 270 zuwa 300 a daƙiƙa, in aka matsa kusa da gudun sauti, wajen 343, sai ya fara rawa. Shi ya sa masu abin ba sa taɓa raguleta, wato abin daidaita matsin iskar bindigar, sai da na'urar auna gudu a gaba.

Yanayin ƙasar nan ma na da nasa. Bindigar da ta wuni a but ɗin mota da rani iskar tankinta ta ƙara matsi, ga kawalwalniya da ke sa abin hari ya riƙa lilo a madubin saiti. Wanda ya yi saiti a Jidda bakin teku ya hau Ɗa'if, wajen mita 1,800 sama, harbinsa na nesa zai ɗan ɗaga don iskar can ba ta da kauri. Dalma kuwa tana taruwa a bututu, ƙura ta ƙara, a goge.

Saɓani

Shafa wa silog mai, da matsewar bakin bututu, wasu na so wasu na ƙi.

Doka

Mallakar bindigar iska a Saudiyya na buƙatar lasisi, farauta kuma haramun ce a cikin haramin Makka.