Wai ya ake kallon kwayar halitta tana rabuwa da hasken leza?

Me leza ta fi madubin likita da muka sani?

Matsalar tsohon madubi ita ce haske na shigowa daga sama da kasan abin da kake kallo, sai hoton ya fito dishi-dishi kamar hazo. Shi kuwa na leza, wanda ake ce ma konfokal, digo daya yake haskawa a lokaci guda, hasken da ya dawo sai ya bi ta wata 'yar huda kamar kafar allura, duk wanda ba daga digon ya fito ba ta tare shi. Kwamfuta ce ke harhada digon ya zama hoto, a dau hawa-hawa har kwayar ta fito da kaurinta. Marvin Minsky ne ya kawo dabarar a Amurka a 1957, lokacin ma ba a kera leza ba, sai 1960.

To ai kwayar ba ta da launi, me ake gani?

Rini ake sa mata mai kyalli. Wanda ya fi shahara shi ne GFP, furotin da Osamu Shimomura ya samo a jikin wata halittar teku, ka haska masa shudi ya ba ka kore. Shimomura ya ci kyautar Nobel a 2008 shi da wasu mutum biyu.

Rabuwar fa?

Nan ne dadin yake wallahi. Kuromosom 46 na dan Adam, wato kunshin bayanan gado da ke cikin kwayar, kowanne an riga an kwafe shi, za ka ga sun dunkule sun yi kauri, su jeru a tsakiya kamar sahu, su dan tsaya har sai wasu siraran zaruruwa daga bangarorin kwayar biyu sun kama kowannensu, sai kawai a fizge su rabi nan rabi can, kwayar ta tsuke kugu ta zama biyu. Wajen awa daya ke nan, a zagayen rayuwar kwayar, daga wata rabuwa zuwa ta gaba, da kan dauki kusan awa 24.

Lezar ba ta cutar da ita?

Tana yi mana. Haske ya yi yawa rinin ya kode, kwayar ma ta ki rabuwa ko ta mutu kana kallo. Shi ya sa ake rage karfinsa, a rika dauka jefi-jefi, a ajiye ta a dumin digiri 37 irin na jiki.

Komai kankantar abu ana ganinsa?

A'a, konfokal na tsayawa wajen nanomita 200, wato kashi daya cikin dubu biyar na milimita, kasa da haka abu biyu sai su hade su zama daya.