Indomie da dare, lemo da rana: tambayoyi kan cimar ɗalibanmu a Legas

Iyaye a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago sukan yi waɗannan tambayoyi game da 'ya'yansu masu karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka ko Jami'ar Jihar Legas (LASU) da ke Ojo.

Me ya raba yaron da ya tashi da tuwo da abincin kirki?

Lokaci da kuɗi, ba lalaci ba. Wanda zai taso daga Agege ya riski laccar ƙarfe takwas a Akoka, daga sallar asuba sai hanya. Karin kumallonsa Gala ce da lemon kwalba da ya miƙa hannu ta tagar danfo ya saya cikin gosulo. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye na abinci. Har lissafi ɗalibai suke da shi, 0-1-0: babu na safe, a ci da rana, a kwana haka. Ranar da aka samu ɗan canji kuwa sai teburin mai shayi, Indomie biyu da ƙwai, a juye garin ɗanɗanon duka, a ƙara magi.

To mene ne aibu, tunda ana ƙoshi?

Gishiri da suga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai gram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, suga kuma kada ya wuce kimanin gram 50. Kwalbar lemo guda mai rabin lita takan kai wannan adadi ita kaɗai. Abin da ya fi damuna shi ne hawan jini, wanda yawan gishiri ke iya jawowa, ba ya sallama. Saurayi na ganin kansa garau, alhali ɓarna ta fara a jijiyoyi da ƙoda.

Gaskiya ne yunwa ce ke kawo olsa?

Yunwa na tayar da zafin, amma yawanci tushen gyambon ciki ƙwayar cuta ce, H. pylori, ko yawan shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac. Ɗalibi na fama da ciwon kai saboda rashin barci, ya tsaya kemis ya haɗiye su ciki babu komai. Madara ba ta kashe wannan ƙwayar cutar, sai gwaji da maganin likita.

Abubuwan sha masu hana barci lokacin jarrabawa fa?

Sinadarin kafeyin (caffeine) da suga ne cike da su, suna sa bugun zuciya. Matashi na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke adana karatu. Tramadol kuwa kada ma a soma.

Me mai ƙaramin ƙarfi zai yi?

Ya riƙe wake. Ko garau-garau, ko ƙosai da koko, ko ewa agoyin ɗin Yarabawa, duk sun fi riƙe ciki. Abokan ɗaki su haɗa kuɗi, a aiki mutum ɗaya kasuwar Mile 12 ya sayo wake da albasa da tumatir da alayyafo. A rage rabin garin ɗanɗanon Indomie, a sha ruwa maimakon lemo, a riƙa takawa da ƙafa cikin makaranta har a haɗa minti 150 a mako. In kuma akwai mai hawan jini ko ciwon suga a gida, ɗalibi ya je asibitin makaranta a auna shi tun a zangon farko.