Gwajin eko kan rashin sakin tsokar zuciya

Gwajin eko, wanda a asibitocin Kano ake kira hoton zuciya, hanya ce ta duba aikin zuciya da sautin da kunnen ɗan Adam ba ya ji. Daga cikin abin da yake nunawa akwai matsalar da ɗakin ƙasa na hagu na zuciya ke matsewa lafiya lau, amma ya kasa saki yadda jini zai cika shi cikin sauƙi. Jinin sai ya taru ta wajen huhu, mai ciwon ya riƙa haki, musamman in ya kwanta ko ya hau bene.

Tarihi

Likita Inge Edler da masanin fiziks Hellmuth Hertz ne suka fara ɗaukar motsin zuciya da sauti a Lund ta ƙasar Suwidin a 1953, da na'urar da masu ƙera jiragen ruwa ke neman tsaga a jikin ƙarfe da ita. Auna gudun jini kuwa ya dogara ne kan ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842. Wajajen farkon shekarun 1980 aka fara auna shigar jini ɗakin hagu, sannan a shekarun 1990 aka ƙara da auna motsin tsokar kanta, wanda ya warware ruɗani mai yawa.

Ma'auni

Jini na shiga ɗakin ƙasa na hagu sau biyu a kowane bugu: na farko, E, idan tsoka ta saki, na biyu, A, idan ɗakin sama ya turo ragowar. A matashi mai lafiya gudun jinin E ya fi na A. Ciwon na farawa sai A ya rinjaya, amma in ya yi nisa alƙaluman kan koma kamar na mai lafiya, su yaudari mai dubawa. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyoyin likitocin Amurka da Turai ta 2016 ta haɗa ma'aunai huɗu, ciki har da E/e′ (gudun jinin E a raba da saurin sakin tsoka, e′) sama da 14 da girman ɗakin sama na hagu fiye da mililita 34 ga kowace murabba'in mita ta jiki. Tsananin ciwon mataki uku ne. Ana saɓani kan iyakokin ga tsofaffi.

A Kano

Ana gwajin a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da wasu asibitocin kuɗi. Babban sanadin ciwon shi ne hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba, sai ciwon suga, ƙiba da tsufa.