Bindiga Don Kare Kai: Abin da Doka Ta Ba Mazaunin Legas da Abin da Ta Hana Shi

Duk sanda aka tare ɗan canji a hanya, ko aka fasa shago da dare a Alaba Rago ko Mile 12, maganar ɗaya ce take tasowa a majalisa: me zai hana kowa ya nemi tasa bindigar? Masu wannan magana ba su yi laifi ba, tsoro ne da hujjarsa. Sai dai yawanci ana cakuɗa abu biyu da doka ta raba, wato haƙƙin kare kai da izinin riƙe makami. Na farko naka ne, ba wanda zai karɓe maka. Na biyu a hannun gwamnati yake.

Malam, shin tsarin mulkin Najeriya ya ba ni haƙƙin mallakar bindiga?

A'a. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin rayuwa, kuma ya ce in mutum ya mutu sakamakon ƙarfin da aka yi amfani da shi gwargwadon bukata, bisa yadda doka ta yarda, don kare wani daga farmaki ko don kare dukiya, ba a ɗauka an tauye masa wannan haƙƙi ba. A nan ya tsaya. Bai ambaci bindiga ba.

Wadda ta yi maganar bindiga ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita. Sashenta na 6 bai ɓoye komai ba: lasisi ba haƙƙin kowa ba ne, kuma hukumar da ke bayarwa tana iya hana ka ba tare da ta faɗi dalili ba. Ko ka cika kowane sharaɗi, Alhaji, roƙo kake yi.

To yaya aka yi a Amurka kowa yake da tasa?

Su nasu tsarin mulkin ne ya rubuta haka. Gyara na biyu, wanda aka amince da shi a 1791, ya ce kada a tauye wa jama'a haƙƙin ajiye makami da ɗaukarsa, amma ya fara da ambaton dakarun sa-kai. Wannan ya sa aka daɗe ana gardama: haƙƙin mutum ɗaya ne, ko na masu aikin tsaron jiha? A 2008 Kotun Ƙolin ƙasar ta raba gardamar a shari'ar Heller, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, ta ce haƙƙin mutum ne ya ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kansa. A 2010, a shari'ar McDonald da birnin Shikago, ta ce hukuncin ya hau kan jihohi da birane. A 2022 kuma, a shari'ar Bruen, ta faɗaɗa shi zuwa fita da bindiga waje.

Mai kafa hujja da Amurka ya kamata ya san sauran labarin. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta yi ajalinsu a ƙasar, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Sannan tsarinta baƙo ne a duniya. Meziko da Guwatemala sun rubuta irin wannan haƙƙi, amma a Meziko sojoji ne ke riƙe da cinikin bindigar. Birtaniya kuwa, wadda muka gaji tsarin dokarmu daga gare ta, ta haramta kusan duk ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane.

Wace irin bindiga ake iya ba farar hula lasisinta a nan?

Dokar ta kasa bindigogi gida uku, kowane gida da mai riƙe da mabuɗinsa.

Gida na farko shi ne haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu. A ciki akwai bindiga mai sarrafa kanta, da bindigogin soja masu cin harsashi mai kaurin milimita 7.62 ko 9, irin su AK-47, da gurneti, da kuma fistol da libarba, wato ƙananan bindigogin hannu. Wannan na ƙarshen shi ne ke ba mutane mamaki. Ƙaramar bindigar da ɗan kasuwa yake kwaɗayin sokewa a ƙugu, doka ta sa ta aji ɗaya da ta yaƙi, domin ita ce ake ɓoyewa cikin riga.

Gida na biyu na Sufeto Janar na 'Yan Sanda ne: bindigar farauta mai baki ɗaya ko baki biyu, wadda ake karyawa a sa harsashi da hannu, da doguwar bindigar wasa wadda harsashinta ba na soja ba ne, da bindigar iska. Gida na uku shi ne bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka ko harbi-ka-ruga, kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke kula da lamarinta.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bindiga mai famfo, wadda ake jan hannunta gaba da baya ta ɗora wa kanta harsashi. Mutane da yawa suna ɗaukarta bindigar farauta ce kawai. Dokar kuwa ta cire duk bindigar farauta mai na'urar ɗora harsashi daga gida na biyu, kuma abin da bai shiga gida na biyu ko na uku ba, ya faɗa na farko kenan. Irinta ce jami'an kwastan suka kama guda 661 a nan Legas a watan Janairun 2017, suka sake kama 1,100 a tashar Tin Can a watan Satumba na shekarar.

Su wa doka ta hana, kuma ta ina ake nema?

Mutum biyar: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, wanda aka sani da shaye-shaye da rashin kamun kai, da wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali ko barazanarsa cikin shekara biyar da suka wuce.

Nema a rubuce ake yi, ta hannun rundunar 'yan sandan jiha, wadda hedikwatarta ke Ikeja, daga nan ya wuce Abuja. Lasisin yana ɗauke da sunan mutum ɗaya da lambar bindiga ɗaya, yana da wa'adi, ana sabunta shi, kuma bindigar a wurin dillali mai rajista ake sayenta. Harsashi ma sai da izini.

Amma kafin ka kashe ko sisi, ka sani a watan Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi a faɗin ƙasa. Don haka in wani ya same ka a shago yana cewa yana da hanya, ka kawo kuɗi ya fitar maka da takarda cikin mako biyu, ka je Ikeja da ƙafarka ka tambaya. Takardar jabu laifi biyu take ɗora maka: riƙe makami ba izini, da amfani da takardar bogi.

Gwamnan Legas, ko Sarkin Hausawa, ko ƙungiyar kasuwa ba za su iya ba mu izini ba?

Ba ɗaya daga cikinsu. Tsarin mulki ya sa makamai da harsasai da ababen fashewa cikin jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. An gwada a Zamfara a watan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa jama'a su nemi lasisi su kare kansu daga 'yan bindiga, sai Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Katin ƙungiyar 'yan banga ko wasiƙar mai unguwa ba lasisi ba ne.

In an kama mutum da ita ba lasisi fa?

Haramtacciya, ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci. Ta gida na biyu, har zuwa shekara 5. Kuma masu gabatar da ƙara sukan shigar da tuhumar ƙarƙashin dokar fashi da makami ta 1984, wadda ta tanadi tarar naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun.

Abin da ke jefa mutanen kirki cikin wannan rami shi ne kara. Doka tana duba wanda makamin ke hannunsa ko ƙarƙashin ikonsa. Direban da ya ɗauko buhu daga Kano zuwa Agege ya ƙi dubawa don jin kunya, da yaron shagon da maigidansa ya ce "ajiye mini wannan", su ne za su fara kwana a caji ofis suna ƙoƙarin nuna ba su san abin da ke ciki ba. Haka bindigar gado. Lasisin baba ba ya shiga rabon gado: in mai lasisi ya rasu, kwana 14 magaji yake da su, daga nan ko ya sami nasa izinin ko ya miƙa ta ga 'yan sanda. In ta ɓata ko aka sace ta, kwana 14 ne su ma don kai rahoto.

A ce ina da lasisi. Yaushe ya halatta in ɗana kunama?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duka nauyi, kuma ita aka fi sakaci da ita.

Wanda ya taso a Arewa ya saba da dokar Final Kod, wato dokar laifuka ta Arewa. Legas tana da tata Dokar Manyan Laifuka ta 2011, wadda ta samo asali daga dokar laifuka ta Kudu. Dukansu sun yarda da kare kai, kuma ma'aunin alƙali kusan ɗaya ne. Zai duba ko farmakin yana faruwa a daidai lokacin. Zai duba ko mai hankali a matsayinka zai ji tsoron kisa ko mummunan rauni. Zai duba ko akwai wata mafita da ka bari. Zai kuma auna ƙarfin da ka yi amfani da shi da girman haɗarin. Wanda ya mare ka, ko ya cakumi kwalarka a tashar mota, bai buɗe maka ƙofar harbi ba. Wanda ya ɓalle ƙofar ɗakinka da adda a hannu cikin dare, wannan wani zance ne, doka ta ba mai gida damar hana shi shiga da ƙarfin da ya dace.

Inda ake faɗuwa shi ne bayan haɗarin ya wuce. Ɓarawo ya fizge waya ya juya ya sheƙa, ka harbe shi a baya: likitan da ya binciki gawar zai rubuta ta inda harsashi ya shiga, kuma wannan rubutun ya fi duk rantsuwarka ƙarfi. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa kan wani manomi daga Adamawa wanda aka kai wa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya soki maharin da ita. Hujjar masu rinjaye ita ce da ya ƙwace makamin, yana da damar gudu. Hukuncin ya jawo suka mai yawa, kuma akwai tausayi a lamarin mutumin da aka fara sara, amma yana nuna yadda ƙofar take da ƙunci. Kisan kai a Legas hukuncinsa kisa ne, kisan da ba na ganganci ba yana kaiwa ɗaurin rai da rai.

Malamai suna kawo hadisin da ya nuna wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ya yi shahada, kuma ingantacce ne. Su ɗin dai suna karantar da cewa ana tunkuɗe mai ta'adi ne da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, kuma ba a bin wanda ya juya baya. Sannan a tuna, kotu tana iya wanke mutum daga laifin kisa ta ɗaure shi kan bindigar in ba ta da lasisi.

Ni maigadi ne a Ikoyi. Maigida ya ba ni bindigarsa mai lasisi in riƙa kwana da ita. Akwai laifi?

Akwai, ɗan'uwa, kuma a kanka zai fara sauka. Lasisin nasa ne shi kaɗai. Ko kamfanonin gadi masu rajista, dokarsu ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga a bakin aiki. Ka mayar masa cikin ladabi, ka roƙi fitila mai ƙarfi, da usur, da waya mai caji da kati.

Ita kanta bindigar, tana tsare gida irin namu?

Ka dubi gidan da kake haya a Idi-Araba ko Agege: ɗakuna suna kallon juna, wani bangon katako ne ko kwano, yara suna shiga ko'ina. Bindigar farauta mai lamba 12 faɗin bakinta ya kai milimita 18 da rabi, kuma harsashinta ƙwayoyin dalma ne masu bazuwa. Kwano da falanki ba sa tare su a kusa. Wanda ke kwance bayan bangon maƙwabcinka ne.

Ajiya ta gari kuwa sharaɗinta akwatin ƙarfe mai makulli wanda aka kafe a bango, bindigar babu harsashi a ciki, harsasan a wani wuri daban a kulle. Da kowane ɗauka sai an karya ta an leƙa, ba a nuna bakinta ga mutum ko da wasa, yatsa ba ya hawa kunama sai za a yi harbi. Laimar Legas tana cin ƙarfe, don haka sai shafa mai a kai a kai, kuma harsashin da ya sha danshi yana iya ƙin tashi. Ga matsalar da ba ta da magani mai sauƙi: wadda aka kulle yadda ya kamata ba a isa gare ta cikin daƙiƙu, wadda aka ajiye ƙarƙashin katifa kuma yaro yana isa gare ta. In labari ya bazu cewa akwai bindiga a gidanka, ita kanta ta zama abin da za a zo nema.

Ga mai ɗaukar kuɗi masu yawa, tura su ta banki da sauya hanya da lokacin fita sun fi rage haɗari. Lambobin gaggawa na Legas su ne 767 da 112.

In an harbi wani a gabana, sai na kawo takardar 'yan sanda kafin asibiti su duba shi?

A'a. Dokar 2017 kan kula da waɗanda aka harba ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓe su nan take, ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba. Asibitin ne zai sanar da caji ofis mafi kusa cikin awa biyu da fara magani, kuma dokar ta ce kada a tsangwami wanda ya taimaka ya kawo shi. Kafin ku isa, ka danne raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada ka ɗaga don leƙawa, in jini ya jiƙa shi ka ɗora wani a kai. Kada a ba shi ruwa ko abinci, domin mai yiwuwa tiyata za a shiga da shi.